Turakun da Labbo Ya Tuge

Labbo manomin albasa ne a Aliero, kuma a shekarar da nake ba ku labari fadama ta yi masa kirki ƙwarai. Albasa ta yi kai, ja wur, har rudun gidansa, wato rumfar da yake ajiye albasa, ya kasa ɗauka. Niyyarsa ya adana ta sai damina ta yi nisa, lokacin da takan yi wuya a kasuwar Jega, sannan ya fito da ita yana taƙama. Don haka ya ƙudura gina ɗakin ajiya a filin da ke bayan dangarsa, inda ba komai sai farin yashi da awaki.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, hukumar En'e kuma ta kafa doka: duk mai son ɗora tubali, sai Sarkin Magina ya zo ya duba wurin, ya ja igiya, ya kafa turaku, a bar wa ruwa hanyarsa, a bar wa jaki da mangala inda zai wuce. Inda aka samu matsala, Sarkin Maginan, wato Sabo, taubashin Labbo ne, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsokana ba.

Sabo ya zo da igiyarsa, ya zaga filin, ya tsuguna ya damƙi yashi ya murza.

"Labbo, matsa da ginin ga taki shida gabas. Nan hanyar ruwa ta."

Labbo ya dubi ƙasa busasshiya ƙayau, ya tuntsire da dariya. "Wane ruwa? In ƙishirwa kaka ji, hwaɗi a damo maka hura."

"Yashin ga kai ka ɗauko shi daga gulbi? Ruwan unguwar bisa duk ta nan shika gangarawa hwadama."

"Yo kai da ko akurkin kaji ba ka iya tsaidawa, don an naɗa maka rawani za ka koya mini gidana?"

"Yau ba wargi nika ba," in ji Sabo. Ya kafa turakunsa guda huɗu, ya tafi.

Amma kunnen Labbo bai saba jin maganar gaske daga bakin Sabo ba. Tun Sarkin Magina bai sha kwana ba ya tuge turakun, ya ga ma itacen ƙirya ne mai kyau, ya kai cikin gida ya ɗaure awaki.

Matarsa Tasalla ta leƙo. "Malam, ni ka zubda shara wurin ga. Da damana ruwa har ƙwaurina shika kaiwa."

"Ke ma ya saye ki da goro ke nan," in ji Labbo.

Maginan gari suka ƙi taɓa aikin, sai ya ɗauko Maiwada daga Maiyama, gwanin magini wanda bai san ƙasar wurin ba, ya ce masa ai an riga an duba. Ɗaki ya tashi, an yi rufin azara, an shafe shi sumul. Labbo ya kwashe albasarsa kaf ya jera a ciki, har da wadda ya ware ta iri.

Ruwan fari ya zo yayyafi, na biyu ma haka. Duk inda Labbo ya hangi Sabo sai ya ɗaga murya: "Sarkin Magina, ina gulbin naka? Na sai kwalekwale!"

Ruwa na uku ya sauko bayan la'asar kamar da bakin ƙwarya. Ruwan unguwar sama ya gangaro hanyar da ya saba bi tun kafin a haifi Labbo, ya iske bango. Ya taru, ya yi ta cin gindin ginin. Labbo na tsaye a zaure yana kallo, sai ya ji rim! Bango ya zauna, rufi ya bi shi.

Albasa ta fito tana iyo a lungu, mata na tare ta da kwanduna suna shewa. Ranar babu tukunyar da ba ta ji albasa ba a unguwar. Wadda ta rage ƙarƙashin laka kuwa, kafin a tono ta ta ruɓe, wari ya hana kowa zama ƙofar gida. Noman shekara guda ya tafi, iri ya tafi. Labbo ya zauna kan tarin ƙasa ya rafka tagumi, hawaye na zuba. Gaskiya ya ba da tausayi, ko da yake shi ya jawo wa kansa.

Hakimi ya yi umarni Labbo ya kwashe ɓaraguzan da hannunsa, ya buɗe wa ruwa hanya. Yana cikin kwasa sai ga Sabo da kwandon albasar iri a kai. Ya sauke a gabansa, ya ce, "Na zaka ganin kwalekwalen."

Labbo ya miƙe. Ya shiga gida, ya kwance awaki, ya fito rungume da turakun nan huɗu, awakin na bin sa a guje.

"Ungo abinka," ya ce. "Kahwa su inda kag ga dama, ko bisa kaina."

Sabo ya auna taki shida gabas, ya kafa su daidai inda suke tun farko.

Jama'a, kafin ku haƙa harsashi ku kira masu duba gini na hukuma, ku kuma bi abin da suka ce ko da ɗan'uwanku ne ya zo da igiyar. Fili naku ne, amma ruwa da maƙwabta suna da hanya a ciki.