Akwatin da Yake Ƙara

"Baba, wannan akwatin shara ne," na ce wa wani tsoho da ya zo saye, na karɓe akwatin daga hannun mai shagonmu kafin ya saka a kwali.

Tsohon ya zo zaɓar akwati ne, wanda za mu haɗa masa kwamfuta a cikinsa, ta kallon fina-finai a falo. Mai shagon ya miƙa masa wanda ya shekara a kan kanta, mai fankar da ke kaɗawa kamar za ta ɓalle. Abin da na tsana ke nan a sana'armu: a cusa wa wanda bai sani ba kayan da suka yi kwantai.

Na ɗauko siriri baƙi, wanda zai shige ƙarƙashin talabijin, na kunna.

"Saurara, Baba. Ko numfashinsa ba za ka ji ba."

Ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. "Kunna mini na farkon."

"Ƙararsa za ta hana ka jin fim."

"Kunna dai, ɗana."

Fankar ta fara kar-kar-kar. Tsohon ya lumshe ido, yatsansa na bin ƙarar a kan kanta.

"Shekara talatin ina kallo, uwar yarana tana ɗinki a bayana," ya ce. "Kullum sai na ce ta tsayar da keken nan. Yau wata bakwai da ta tsayar, Allah ya ji ƙanta."

Na hango sukurun da ya kwance a jikin fankar. Na mayar da sukundirebana aljihu.