Bakinki Ya Tona Ki

"Ce fari," in ji Kalilu, sabon ma'aikacin kan iyakar Jibiya.

"Hwari," in ji tsohuwa Hajo, da kantun gishiri a kanta.

Ya kece da dariya. Tun da kuɗin fetur suka fara janyo mutanen Nijar, da baki yake tantance masu shigowa. Duk wanda ya ce "hwa" maimakon "fa", sai ya mayar da shi.

"Bakinki ya tona ki, Inna. Hausar Maraɗi ce wannan. Koma."

"Yaro, Daddara anka haihe ni, nan ƙasar Jibiya, ɗiyana na can suna jirana. Bakin uwata ne, da shi za a binne ni."

"Mu Hausar Kano muka sani, wadda ke cikin littafi."

Hajo ta dubi sabon takalminsa mai ƙyalli. Ta sakar masa kantun a kan takalmin.

"Wayyo, ƙahwata!" Kalilu ya kurma ihu.

Hajo ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ƙahwa kac ce? To shiga gaba, yaro, mu tahi Maraɗin tare."