Mai Kitson da Ta Ƙi Haihuwa a Ɗaki

Tunda kin ce kunya ce ta hana ki faɗa, zauna in ba ki misalin wata mai kitso.

A unguwarsu an san ta da abu biyu, iya kitso da jarumtar haihuwa. 'Ya'ya huɗu ta haifa, duk a ɗakinta, a durƙushe, ba wanda ya taɓa jin ko nishinta. Sai dai a ji kukan jariri, a aika a kira ungozoma ta yanke cibi. Har kwatance ake yi wa amare da ita, ita ma kuwa tana jin daɗin sunan nan, ba ta ɓoyewa. To cikinta na biyar ya tsufa, sai wasu ƙuraje suka feso mata a gaba, ƙanana masu ruwa, ga raɗaɗi kamar an zuba barkono, in sun fashe su bar miki. Ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta sha saƙe-saƙi, ta zauna a ruwan bagaruwa, abu ya ƙi. In kuwa akwai wadda ta san abin da baki ke yi wa mace mai ciwo a irin wannan wuri, to mai kitso ce, don a gabanta ake zama a tsefe kai, a tsefe mutane. Ta san za a ce mijinta ne ya kwaso, wasu ma su ce ita ce. Shiru ya fi mata sauƙi. In naƙuda ta zo ta ja ƙyaure, ta haife abinta yadda ta saba, ba mai ɗaga mata zane. Amma duk sanda ɗan ya motsa sai ta tuna ta nan zai biyo.

Ranar awo ta yafa mayafi ta tafi asibiti, wurin da ta sha yi wa masu zuwa dariya. Da layi ya zo kanta ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce wa ma'aikaciyar, "Malama, ba awo kaɗai ya kawo ni ba, akwai abin da nake so ki duba." Aka duba, aka yi gwaji, aka ce cuta ce da likitoci ke kira hapis. Babba yakan ɗauke ta har ya ba wani bai sani ba, amma jariri ba shi da ƙarfinta. In ya goge ta wajen fitowa, balle uwar yanzu ta fara kamuwa, takan taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa, wani ma ba ya ganin ranar suna. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce in naƙuda ta zo mikin bai warke ba, aiki za a yi mata a ciro ɗan. Da bakinta ta gaya wa mijinta, ta kuma sa shi gaba shi ma aka duba shi. Naƙuda ta zo da sauran miki, jarumar ɗaki ta hau gado da ƙafarta, aka yanka ta, aka ciro ɗa namiji lafiyayye.

Baki kuwa bai bar ta ba. Aka ce ashe jarumtar ta ƙare, aka ce ragwanci ya kama ta da girma, aka daina yi wa amare kwatance da ita. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya. Wata rana wata mai tsiwa, kanta na hannun mai kitson, ta ce, "Yaya, ashe ke ma sai da wuƙa?" Ta gyara goyonta, ta ci gaba da tsaga, ta ce, "Sai da ita, ga shi nan yana barci a bayana."

Ni dai a haihuwarta biyar, wannan ce na fi ganin jarumtarta. Huɗun farko ciwo kawai ta danne. A ta biyar kunyarta ta danne, ta sayar da sunan da take taƙama da shi, ta sayi ran ɗanta. Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.