Kwano Mai Ɗigon Jan Farce

Yarinyar na sa hannu a tiren tuwon, hannuwan sauran yaran gidan suka janye.

Uwar tana tsaye a bakin madafi, a babban gidansu na Roni, ta gani da idonta. Tun da aka yi wa 'yarta dashen ɓargo saboda sankarar jini, likitoci suka ce kada ta haɗa kwano da kowa, domin murar da wani zai sha yana yawonsa, ita tana iya kai ta kabari. Uwar ta ɗiga wa kwano ɗaya jan farce, ta yi ta korar dangi daga ƙofar ɗaki har suka daina gaishe ta. Sai makon jiya likita ya ce yarinyar ta warke, ta ci da kowa.

"Inna, ba a ɗaukar ciwon nan fa," uwar ta ce da surukarta, wadda ke zaune a gefe.

Tsohuwar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke da hannunki kika ware mata kwano, 'yar nan. In ba a ɗauka, me kika tsare mu daga gare shi?"

"Ita nake tsarewa daga ku!"

Maganar ta riga ta fita. Facalolinta suka kira 'ya'yansu, aka bar tiren yana huci.

Yarinyar ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon nan mai ɗigon ja.

"Umma, zuba mini a nan. Su dawo su ci, yunwa suke ji."