Ajin Mushe Kailu

Motar sufeton makarantu na tsayawa a bakin kasuwar Filinge, Mushe Kailu, wato Malam Kailu mai koyarwa, ya riga kowa isa wurinta.

Kowa ya san abin da ya kawo Baturen sufeton: duk malamin da aka tarar ajinsa wayam, aikinsa ya ƙare. Ga shi ana girbin hatsi, iyaye sun kwashe yaran Kailu zuwa gona. Jiya ma Darakta Manzo, shugaban makarantarsu, ya wanke shi tas gaban mutane: "Kailu, benci kake koya wa Faransanci?"

Kailu ya tuna matarsa Dijatu da tsohon cikinta. Ya rusuna gaban sufeto ya ce, "Ranka shi daɗe, ba laihina ba ne. Darakta ne ke sakin yara su tahi gona."

Sufeto ya gyaɗa kai.

Da suka isa lakwal, wato makarantar, Kailu ya tura ƙofar ajinsa. Ajin cike yake maƙil. Yara suka miƙe suka gaida baƙo. Ya bi fuskokinsu da kallo. Duk 'yan ajin darakta ne.

Sufeto ya wuce aji na gaba. Manzo na tsaye shi kaɗai, alli a hannu, babu yaro ko ɗaya.

"Ashe gaskiya malaminka ya gaya mini," in ji sufeto. "Tattara kayanka."

Manzo ya daɗe yana kallon Kailu. Sannan ya ajiye allin a hankali.

"Ƙanena, gaida mini Dijatu. In ta sauka lahiya, a aiko mini goron suna."