Katin Awon Sinikka

Cokali uku Sinikka ta sha, ta ture kwanon.

Reijo, mijinta, ya tsaya a kanta da ludayi a hannu. Tun da sassafe ya jiƙa busassun 'ya'yan itace, ya dama kunu mai dusa, ya yanka baƙin burodi siriri yadda take so. Duk abin da aka rubuta a bayan katin awonta ya bi: abinci mai harza, ganye, wake, ruwa da yawa. Katin na manne a jikin firji, ya sha hannu har gefensa ya yi laushi.

Kwana biyar ke nan cikinta a bushe, ba ta zaga ba, abinci kuma ya fita ranta. Likita ya riga ya gama magana: in sikeli ya sake yin ƙasa ranar Juma'a, za a ba ta gado. Bai ce ga ranar sallama ba. Reijo kuwa ya san matarsa. In aka raba ta da gidan nan da tagar da take kallon tafki, ta ƙare.

"Daure ki sha, Sinikka."

"Kai ka sha. Wannan ai siminti ka dama. Mutumin da ko ƙwai bai iya dafawa ba, yau shi ne shugaban kicin!"

Ya yi lallashi, ya yi fushin ƙarya, ya zuba zuma, duk a banza. Mutumin da ya saba kayar da itatuwa a daji, ƙanƙara har gwiwa, yau ɗan cokali ya gagare shi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya lallaɓa bayan ƙofa, ya buga waya.

"Ta ƙi kuma," ya ce. "Ki zo."

Ƙarfe goma mota ta tsaya. Wata mata ta shigo ba tare da ta ƙwanƙwasa ba, ta cire takalma, ta ɗora farar riga a kan rigar sanyinta.

Sinikka ta gyara zama, fuska a sake. "Ga ungozoma! Reijo, miƙa mata katin mana, ka tsaya kamar turke."

Matar ta karɓa, ta daɗe tana kallon katin.

"Uwargida, an ce kin ƙi kunu. Ba don ke ake yi ba fa, don ta ciki ne. In ba ki ci ba, me za ta ci?"

Sinikka ta dafa cikinta. Matar ta ja durowa ta biyu, ta ɗauko ƙaramin cokalin nan mai lanƙwasasshen baki, ta zauna. Abin da Reijo ya kasa cikin awa uku ta yi shi cikin minti goma. Kwano ya koma wayam, burodi ya bi baya, har da ruwa kofi biyu.

"Kwalin kayan jariri na gwamnati ya iso," in ji Sinikka. "Mace ce, na sani, irin shurin nan! Tuulikki zan sa mata, ko mutumin nan ya so ko ya ƙi. Kina ganin za ta zo lafiya?"

"Lafiya lau za ta zo," matar ta ce, ta juya tana kallon tafki.

Reijo ya raka ta mota. Dabarar ta yini ɗaya ce, su biyun sun sani, kuma Juma'a saura kwana uku. Matar ta ninke farar rigar, ta mayar masa da katin, ta share ido da bayan hannu.

"Gobe in ta ƙi, kira ni, Baba."

Ya tsaya riƙe da katin da aka cika shekara hamsin da huɗu da suka wuce, yana kallon motar Tuulikki, uwarta na ɗaga mata hannu ta taga, ba ta san 'yar da take rainon cikinta ta daɗe da yin furfura ba.