Jan Fenti a Kurmin Cibiya

Mai Fenti yana shafa wa bishiya ta ashirin da uku jan fenti lokacin da Naw Che Pho ta iso kurmin tana dogara sanda. Karenta, wanda ko mai tallan gishiri ba ya ƙyalewa, ya shinshina takalmin mutumin ya nemi wuri ya kwanta. Tsohuwar ba ta gaishe shi ba, shi ma bai ɗago ba.

A ƙauyen Mae Lo Khi da ke tuddan arewacin Thailand, in aka haifi jariri, uban yakan sa cibiyar a guntun gora ya ɗaure a jikin bishiya mai ƙarfi. Daga ranar ta zama ta yaron. Ba a sare ta, ba a ko ɓare ɓawonta, domin kurwarsa tana nan. In ta faɗi, mai ita ba ya daɗewa a duniya. Duk bishiyar da ta sami jan fenti yau, jibi injin sara zai bi ta kanta.

Shekara talatin da takwas ke nan da mutum tara suka kafa Ƙungiyar Kurmi da Rafi a gindin rumbun shinkafar Pati Ta Yae. Ba mai karatun kirki a cikinsu. Da igiya suka auna tuddai, suka gina taswirar ƙauyen da kwali da laka, suka ɗora ta a bayan a-kori-kura har ofishin gunduma. Jami'ai suka yi dariya, amma suka sa fadamun shinkafa cikin tsarin ƙasa da sunan ƙauyen. An kwana biyu ana busa ƙahon ɓauna don murna.

Nasarar ke nan, ba a sake ganin wata ba. Gonakin tudu da suke hutarwa shekara bakwai, jirgin sama ya ɗauki hotonsu ya ga ciyawa, aka rubuta su dajin gwamnati. Bakin rafi ya tafi ga masu masaukin baƙi. Mutum bakwai cikin taran suka mutu suna jiran amsar takardunsu, 'ya'yansu suka gangara birnin Chiang Mai neman aiki. Ƙungiya ta koma Naw Che Pho da Pati, wanda kunnensa ɗaya ya riga ya yi ritaya.

Sai ga maganar titin motocin masara. A babban birni aka yanke cewa ta cikin kurmin zai ratsa, aka turo Mai Fenti ya ja layin. A ƙauyen ba mai kiransa da wani suna sai wannan. Ya zauna a ɗakin taro da rigar gwamnati, yana magana da harshen Thai kamar ana karanta takardar magani, ya nemi a ba shi littafin ƙungiya, inda aka rubuta kowace bishiya da mai ita.

Pati ya zare lofe daga baki ya ce, "Mu ba ka littafi? Ai gara mu haɗa maka har da gatari, kada ka wahala."

Naw Che Pho ce ta je ta ɗauko. Mata suka ce ta ba kura ajiyar nama, wasu suka daina amsa gaisuwarta a wurin sussukar shinkafa. Kwana uku mutumin yana kurmin shi kaɗai da littafin da turaku, bai nemi ɗan jagora ba.

Yau ga sakamakon. Ta bi turakun da ido. Layin ya taho a miƙe tun daga kan tudu, amma da ya kusa rafi sai ya karkata hagu, kamar mai neman wani abu, ya je ya dira a kan wata babbar bishiya mai tsohon gora da ya yi baƙi. Mijinta ne ya ɗaure goran nan da asubar ranar da ta haifi ɗanta, wanda shi kaɗai ta samu a duniya.

Mai Fenti ya ɗauki gwangwaninsa ya nufi wurin. Ta riga shi, ta jingina bayanta da bishiyar.

Ta ce, "Yallaɓai, gonaki sun tafi, rafi ya tafi, kurmin ma ga shi. Na gaji, ban zo da maganar ƙungiya ba. Wannan ɗayar kawai nake roƙo. Ta ɗana ce."

Ya amsa da Thai, "An riga an buga hatimi."

"Hatimin ne ya lanƙwasa layin? Ido gare ni, Yallaɓai. Hanya tana tafiyarta a miƙe, ka janyo ta da gangan har nan. Me muka yi maka da zafi haka?"

Fenti na ɗiga daga burushi a kan takalminsa. Can ƙasa ana jin injin share hanya yana gurnani, yana matsowa. Ta lura ya rame, amma baƙin cikin da ya cika ta bai bar wa tausayi wuri ba.

Da ya buɗe baki, da yaren ƙauyen ya yi magana, karo na farko tun zuwansa. "In layin ya miƙe, bishiyoyin jarirai goma sha ɗaya zai kwashe, har da ta jikar Pati da aka haifa bana. Na ƙirga a littafinki. In ya karkata, mai cibiya ɗaya ce kawai."

Ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta ya shafa jan a jikin bishiyar.

"Wannan kuma ba sai na nemi izinin kowa ba, Inna, tunda cibiyata ce a ciki."